Ajin da Ba a Jin Muryarsa

"Ba zan yi ba, ranka ya daɗe."

Hedimasta ya sauke tabarau ya ƙare wa sabuwar malamar aji huɗu kallo. Ba wani abu mai wuya ya umarce ta ba. Ta koyar kamar kowa: ta faɗa, yara su maimaita da ƙarfi, ta ce "Kun gane?" su amsa "E, Malama!" har kwanon rufi ya ɗauka.

"'Yata, daga kujerar nan nake sanin ajin da ke karatu. Ji aji uku, kamar su tsaga bango. Naki kuwa tsit, sai ka ce gidan makoki. Iyaye na wucewa ta bakin taga."

"Yaran da ke hannuna daga aji ukun suka fito. Sun iya ihu, amma cikin arba'in da shida, tara ne ke iya karanta layi guda."

Shirun nan da gangan take yin sa. In ta jefa tambaya sai ta rufe baki, ta jingina da tebur tana ƙirga goma a zuci. Wata biyu ta yi tana fama, yara na kallon silin, alli na jiƙewa a tafinta. A ɗakin malamai har suna aka laƙaba mata: Malama Kurma.

"A leƙa ajin Kurma, ko an yi barci ne," in ji malamin wasanni, a kwashe da dariya.

Ta shanye. Ba don ta zama amsa-kuwwa ta shekara huɗu a kwaleji ba.

Kuma a makon da ya wuce shirun ya haihu. Doguwa, yarinyar bencin ƙarshe da ta maimaita ajin sau biyu, ta ɗaga hannu.

"Malama, ni ban gane ba."

Babu wanda ya yi dariya. Hannuwa shida suka bi nata.

Ta ba Hedimasta wannan labarin. Ya yi hamma.

"Au, wato bayan wata biyu abin da kika koya musu shi ne ba su gane ba? Na ba ki zuwa Litinin. In ban ji muryarsu daga nan ba, akwai mai son ajin."

Ranar Litinin ta yi tambayarta, ta rufe baki, ta ƙirga goma.

Ranar Talata aka miƙa mata makullin ɗakin ajiyar littattafai, aka ba malamin wasanni aji huɗu. Bango ɗaya ne tsakaninsu. Tana kaɗe ƙurar kwalaye ta ji ya daka tsawa:

"Kun gane?"

"E, Malam!"

Ta tsinci muryar Doguwa a ciki, ta fi ta kowa ƙarfi.

Ba ta sunkuya wa kowa ba, wannan gaskiya ne. Amma ta rasa ajinta, yara arba'in da shida kuma sun rasa mutum ɗaya da ke jiran amsarsu.