Ƙanƙarar da Ta Kai Ticha Gilbert Bakin Ƙofa

Duk Tamale babu wanda ya riga Baba Zubeiru ganin ƙanƙara. Tun yana dako a tashar jiragen ruwa ta Takoradi yake saɓa ta a kafaɗa, lokacin mutanen unguwarsu, Changli, ba su san ruwa na zama dutse ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa raina masa: maƙwabcinsa, Ticha Gilbert, ɗan Kudu.

"Baba, taka wasan yara ce," in ji Ticha. "A ƙasar Turawa, zamanin da, ƙanƙara ta cika kwaruruka har sai kawunan tsaunuka ake gani. Kaurinta ya kai daga nan zuwa kasuwa, a tsaye. Kuma tafiya take a hankali, tana jan duwatsu."

"Ƙanƙara da ƙafa? Ticha, ka rage shan fito."

A yunwar shekarar tamanin da uku zazzaɓi ya ɗauke Ticha. Zubeiru ya taho da masu haƙa kabari, sai matar mamacin, Araba, ta tare ƙofa.

"Baba, mu ba mu binnewa haka. Sai maman shi ya zo daga Saltpond, can Kudu, ya ga fuska."

Motoci babu mai, injin ɗakin ajiye gawa ya tsaya. Wa zai riƙe gawa a zafin nan? Sai Zubeiru. Ya roƙo ragowar ƙanƙarar wata mai kifi, ya shimfiɗa a ɗaki, ya ɗora akwatin gawar a kai, ya cika shi da sauran, ya lulluɓe da ƙaiƙayin shinkafa da buhuna.

Washegari ya tarar akwatin ya bar jikin bango. Ya mayar, ya tokare da dutsen niƙa. Da rana tsaka, yana zaune shi kaɗai, ya ji ƙanƙarar na nishi, dutsen na kartar siminti a hankali. Ƙofar ɗakin kudu take kallo. Bai gudu ba, shi da ma ba ya gudu. Kullum ƙanƙarar na ramewa, akwatin na matsawa, tsohuwa uwar Ticha kuwa babu labarinta.

Ranar da ta sauka daga motar doya, abin da ya rage na ƙanƙarar bai kai kaurin farce ba. Ko ɗakin ba ta shiga ba, akwatin na bakin ƙofa. Ta buɗe, ta ga fuskar ɗanta lafiya lau, ta shafa, ta yi masa magana da yarensu.

Sawun dutsen na nan a simintin. Mai musu ya je da azahar, ya cire takalmi, ya tsaya a kai, ya ji ko sanyin ya tafi. Baba Zubeiru zai jira shi a waje.