Gajerun Shanun Dogo

Dogo na wanke bokitin tatsa sai ga motar gandun daji ta ci burki a ƙofar garke. 'Yar ƙanwarsa, wadda ke aiki a can, ta diro ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Kawu, an amince! Shanunka za su shiga gandu kiwo. Ciyawa ta fi mutum tsayi, ƙaya ta cinye fili, tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa sun fara gudu. Gajerun shanun nan naka muke so, masu cin duk abin da suka tarar. Ina suke?"

Dogo ya dubi garken. Ba komai sai manyan shanun madara 'yan ƙasar waje, masu jiran a kai musu dusa har baki.

"Jiya na sayar wa mahauci."

"Duka?"

"Tun yaushe kike ce mini ana dubawa? Gidaje sun zagaye ni, ina zan kai su kiwo?"

"Shiga mota, Kawu!"

Ta fizge ta kamar za su tashi sama. Dogo ya riƙe ƙofa. Gadon ubansa ne gajerun shanun nan. Nononsu bai taka kara ya karya ba, amma ba su taɓa kwanciya ciwo ba. Jiya da ake loda su juya baya ya yi, wai yana gyara igiya.

A mayanka suka tarar da mahauci yana wasa wuƙa.

"A'a, Dogo! Ƙafa ka zo karɓa ko kai?"

"Na fasa. Ba ni shanuna."

Mahauci ya ƙyalƙyale, da ya ga fuskar mutumin sai dariyar ta maƙale. "Haba mutumina, ai ka makara." Ya nuna fatun da aka shimfiɗa a rana.

Dogo bai buƙaci a gaya masa ba. Ga ta mai farin goshi, ga ta ja mai tunkuyi.

Can kusurwa wata tsohuwar saniya ce daga cikin nasa a ɗaure, haƙarƙari a waje.

"Wannan ko romo ba za ta yi ba, shi ya sa na bar ta," in ji mahauci.

Dogo ya dafa wuyanta, ya waiwayo. "Ita kaɗai za ta iya da ciyawar gandun?"

Yarinyar ta girgiza kai. "Sai dai a kawo injin yankan ciyawa, shi kuwa bai san sheƙar tsuntsu ba." Ta sunkuyar da kai. "Tun shekaranjiya aka amince, Kawu. So na yi in zo da kaina in ga murnarka."

 Dogo ya kwance igiyar.

"Buɗe mata bayan mota," ya ce. "Ta je gandun ta ci iya cikinta."