Uwar Layi Na Tara

A tashar binciken itatuwa Waliyyi ake ce masa, don aikinsa ɗaura wa bishiyoyi aure. Sai ya hau tsani da garin furen wata miƙaƙƙiyar bishiya, ya shafa wa furen wata mai ƙwarin katako, ya rufe da jakar yadi kada ƙudan zuma su yi masa shisshigi. Daga nan ya shuka 'ya'yan layi-layi, ya zauna jiran shekara ashirin ya ga ko auren ya yi albarka. Mutum mai haƙuri, in dai da itace ne.

Layi na tara ya yi albarka. Bishiyoyin sun miƙe samɓal, katakonsu kuwa kafinta na taɓawa ya ce a ƙaro. An san ubansu, uwar ce ta ɓace. Gara ta cinye littafin da yake rubuta auren, tsatsa ta cinye lambar uwar a farantin ƙarfen da ke bakin layin, ta bar kwanan watan barbarar kawai. Ga shi sabon manaja ya shafa wa tsofaffin iyaye arba'in jan fenti, ranar Litinin za a sare su.

"Baba, nuna mini ita in bar ta," in ji manajan. "Amma fa ɗaya, ba arba'in ba."

Da rana Waliyyi ya koma gida, ya tasa abinci a gaba ya kasa ci. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, aikin rayuwarsa ne za a kai wa zarto.

"Wace ce ta yi yaji cikin amaren?" matarsa ta tambaya.

Ya ba ta labari, har ya karanto mata kwanan watan da ya rubuto a tafin hannu. Ta ajiye ludayi.

"Malam, ranar nan ba ta tuna maka komai ba?"

Ya sake duba tafin hannunsa.

"Ranar da na haifi babbar 'yarka ce!"

To, wannan ƙorafi ya san farkonsa. Duk shekara sai an yi masa shi, shi kuwa ya ƙware wajen tuna wani uzuri tun kafin a kai tsakiya.

"Maƙwabci ya ɗauko ni a motarsa ina naƙuda, muka biyo ta gonarku. Kana can sama kamar biri, ka leƙo ka ce, ku yi gaba, furen nan ba zai kai gobe ba."

"A kan wace bishiya?" ya katse ta.

"Mai rassa biyun nan ta bayan tankin ruwa, wadda tsawa ta ƙona wa gefe. Shekara ashirin da biyu ina faɗa maka. Da ka taɓa saurara har ƙarshe, da ba ka bar abincina ya huce ba."

Ya miƙe zumbur, ya zura takalmi, har ya kama ƙofa. Nan kunya ta kama shi. Gara ta ci littafinsa, amma matar nan ba ta manta ko da reshe ɗaya ba, kuma ba don son itace ba.

"Je ka mana," ta ce. "Kada furen ya kasa kai gobe."

Ya cire takalmin, ya dawo ya zauna kusa da ita.

"Litinin da saura," ya ce. "Bayan kun wuce, sai me ya faru?"