Shakazoban Motar Yaya Ukasha

Ni dai a gidanmu aikina isar da saƙo, kuma wallahi na gaji. Inna ba ta magana da Yaya Ukasha kai tsaye, don shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa. In ta matsu ta ce "Ɗanmalam", in ba ta matsu ba ta ce "wancan". Shi ma haka ya tashi, bai san wata hanya ba. Ko a Omdurman, lokacin da muke da tsakar gida mai faɗi, abin yana ba ni haushi, balle yanzu da yaƙi ya koro mu Alƙahira muka cushe a ɗakuna biyu a unguwar Faisal. Mutum biyu suna zaune gwiwa na taɓa gwiwa, amma sai ka ji: "Humaira, ki ce masa abincinsa na hucewa." Sai in juya in ce, "Yaya, ka ji." Shi kuma ya ce, "Ki ce mata na gode."

Motar da ta jawo maganar ma ba tamu ba ce tun asali. Wani abokin Yaya ne, Mahir, ɗan Masar, ya bar masa ita da zai tafi aiki ƙasar waje. Tsohuwar motar tsere ce ja, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa da ita. A Sudan Yaya yana da irinta, can muka baro ta a ƙone a ƙofar gida. Tun zuwanmu nan ba ya dariya. Ya tafi shagon gyaran waya da yake wa aiki, ya dawo, ya kwanta yana kallon rufi. Ranar da ya shigo lungunmu da jar motar nan ce na fara ganin haƙoransa.

Kowace Juma'a da sassafe yake fita bayan gari, wani ƙaton filin ajiye motoci. Na taɓa binsa sau ɗaya. Ba tseren da kowa ya sani ba ne, na motoci su jeru suna rige-rige. Ana jera wasu robobi masu tsini ruwan lemo, mota ɗaya ta shiga ta yi ta kwana a tsakaninsu, ana duba agogo. In ka ture roba a ƙara maka lokaci. Ni ban ga abin daɗi ba, ƙarar taya ce kawai da warin ƙonanniyar roba. Amma da ya cire hular kwano na ga Yayana na da, wanda nake tsammanin mun baro a Omdurman.

Sauran ranakun kuma motar ta Inna ce. Tana wankin ƙoda a wani asibiti a Giza, yau a je, gobe a huta, jibi a koma. Tasi ba ta yarda ta shigo lungunmu, ƙananan bas ɗin nan kuwa ko mai lafiya sai ya yi addu'a kafin ya hau. Don haka Inna take zama a gaba kusa da ɗan da ba ta yi wa magana, ta juya fuska wajen taga, ni kuma in naɗe a baya kamar tabarma, gwiwata a haɓata.

To sai shakazoban motar suka mutu. Su ne ƙarafan nan da ke jikin kowace taya suna shanye girgiza. Motar ta koma in ta hau tudun rage gudu sai ta yi ta rawa, mai kuma yana ɗiga ta ƙasa. Yaya ya kai ta garejin Usta Osama a bayan titin Faisal, ya ja ni na raka shi don daga can za mu wuce ɗauko Inna.

Usta Osama dattijo ne mai tumbi, sigari a kunne, ba ya gaggawar komai. Ya ajiye kwali biyu a kan benci.

"Iri biyu ke gare ni na wannan tsohuwar," in ji shi. "Wannan mai tauri ne, na 'yan tsere. Motar za ta manne da ƙasa, ka sha kwana ba ta karkata ba. Amma ko tsinke ka taka sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Wannan kuma mai laushi ne, na masu iyali."

Yaya ya tambayi irin wanda ake murɗawa, ya yi tauri yau ya yi laushi gobe.

Usta ya yi dariya. "Ma'alish, ka yi haƙuri. Na wannan motar babu shi a Masar kaf. Kuma kada ka ce za ka riƙa zuwa ina canja maka duk mako, kusoshin nan sun tsufa, ba za su jure ba. Ka zaɓi ɗaya."

Yaya ya ɗauki mai taurin yana juya shi a hannu. Juma'a mai zuwa ce gasar ƙarshe ta shekara, kuma an ce yana cikin waɗanda ake sa wa rai. Na ga yadda yake shafa ƙarfen, na ga kuma ya waiwayi kujerar gaba.

Usta ya ce, "Bari in sa maka masu taurin ka gwada zuwa Alhamis. Ka tambayi Hajiya. In ta ce a'a ka dawo da su, khalas, shi ke nan."

Shi a ganinsa ya kawo mafita. Shi Bamasare ne, uwarsa in abu ya dame ta sai duk layin ya ji. Ina zai san cewa akwai uwar da ko wuta ɗanta na fari ya ɗora mata a cinya ba za ta ce masa akwai zafi ba?

Da aka sa su, tun kafin mu fita daga lungun garejin haƙorana suka fara haɗuwa. Titin Faisal kuwa kowa ya san shi, rami ne da tudu, kowane mai shago ya gina nasa tudun a ƙofarsa. Yaya yana lallaɓawa iyakar iyawarsa, amma motar ta zama kamar amalanke.

Muka ɗauko Inna. In an gama mata wanki takan fito kamar tsumman da aka matse, hannunta na dama inda ake soka allurai an danne da auduga da filasta. Ta zauna, ta ja mayafinta ta rufe hannun. Muka hau tudun farko, na ga wuyanta ya sandare. A na biyu ta kama marikin ƙofa. Tasbihi kawai take ja da ɗaya hannun.

Da muka kusa gida Yaya ya ce, idonsa a kan titi, "Humaira, ki tambayi Inna yaya ta ji motar."

"Inna, kin ji."

"Ki ce masa lafiya lau. Ta ma fi da."

Yaya ya saki ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi. Wai shi mai ilimin injiniya, ya yarda! Na so in finciko kunnensa ta baya.

A ɗaki da na zo cire mata mayafi na tarar audugar ta jiƙe sharkaf, jini ya bi gwiwar hannunta ya sauka. Girgizar ce ta buɗe wurin allurar. Na danne mata da sabuwar auduga ina faɗa.

"Inna, wannan wace irin rayuwa ce? Ki bari in gaya masa."

"Ki gaya masa me?"

"Motar tana ji miki ciwo!"

Ta dube ni, duban nan nata da ke sa mutum ya haɗiye sauran maganarsa. "Kin ga fuskarsa ranar Juma'a in ya dawo? Gidansa ya tafi, aikinsa ya tafi, yarinyar da zai aura tana wata ƙasa. Abin da ya rage masa ke nan, ni zan karɓe? In kika buɗe baki ban yafe ba. Ɗauki tsumma ki je ki goge kujerar kafin ya gani."

Na sauka na goge. Jinin ya gangara ta gefen kujera ne, tsakaninta da ƙofa, inda direba ba zai taɓa gani ba. Ina gogewa ina kuka, haushinsu duka biyun ya cika ni.

Zuwa na gaba haka aka sake yi. Ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta ce in jijiyar hannun nan ta lalace sai an yi wa Inna sabon aiki, kuma jikinta ba lallai ya ɗauka ba. Na dawo da wannan maganar a cikina, ga Yaya yana ta ba ni labarin yadda motar ke shan kwana yanzu, wai kamar an ɗaure ta da igiya. Da yamma ya sake cewa in tambayi Inna. Na tambaya. Ta ce in ce masa Allah ya ba da sa'a ranar Juma'a. Na faɗa masa. Na sauka na goge kujera.

Ranar Laraba ma jinin ya zuba. Inna ta ce in je in goge, na ɗauki tsumman na fita. Lif ɗin gidanmu ya daɗe da mutuwa, hawa na biyar muke. Na sauko rabin bene na tsaya. Na zauna a kan matakala, tsumman a cinyata, ina jin rediyon maƙwabta. Ba wata dabara na ƙulla ba, Allah ya sani, gajiya ce kawai ta kai ni ƙarshe. An hana ni magana, to na yi shiru. Na tashi na koma sama, na rataye tsumman a bayan ƙofa.

Alhamis da hantsi muka koma gareji, ni da Yaya, don ya gaya wa Usta ya bar masu taurin. Usta ya ce sai ya zaga da motar da kansa ya ji ko kusoshin sun zauna. Ya karɓi makulli, ya ce, "Yalla, zagaya ka zauna can."

Tun da aka ba shi motar nan Yaya bai taɓa shiga ta ƙofar ɓangaren Inna ba. Ya buɗe, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya. Ina tsaye a bakin gareji ina kallonsa. Ya durƙusa. Ya taɓa gefen kujerar da yatsa, inda jinin ya bushe ya yi baƙi. Sannan ya dubi marikin ƙofa, fatar jikin marikin duk ta ɓare da shatin farce.

Ya ɗago ya dube ni. "Humaira."

"Ni ban ce komai ba."

"Tun yaushe?"

"Yaya, an ce in na faɗa ba a yafe mini ba. Kada ka tambaye ni."

Ya daɗe a durƙushe, Usta yana danna hon yana cewa rana na yi. Can ya miƙe ya je benci, ya ɗauko ɗaya kwalin ya ajiye a gaban motar.

Usta ya fito yana kaɗa kai. "Gobe fa gasarka. Da waɗannan motar za ta riƙa karkata a kowace kwana, robobin nan duk sai ka kwashe su. Yara za su yi maka dariya."

"Na sani. Sa su."

Ya zauna a kan tsohuwar taya har aka gama. Na tausaya masa sosai, don na ga fuskar nan ta kallon rufi tana dawowa tun a wurin.

Ranar ba ranar wanki ba ce, amma likita ya ce a kawo Inna da la'asar a duba hannun. A hanyar zuwa ta shiga ta kama marikin ƙofa tun kafin a tayar da mota. Muka doshi babban tudun ƙofar mai sayar da dafaffen waken nan da suke kira ful, tudun da ya fi kowanne mugunta. Ta runtse ido. Motar ta hau a hankali, ta sauka a hankali. Inna ta buɗe ido. Ta juyo ta harare ni.

Yaya ya riga ta. "Humaira, ki ce wa Inna wancan ƙarfen ba shi da kyau, Usta ya karɓi abinsa."

"Inna, kin ji."

Muka wuce tudu na gaba. Sannan ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Ki ce masa na ji."

Kowa a motar ya san ƙarya ce, kuma kowa ya bar ta a haka.

A hanyar dawowa rana ta yi sanyi, titi ya cika. Na ga hannun Inna ya saki marikin ƙofa ya sauka a cinyarta. Tasbihin ya tsaya. Ta buɗe baki ta ce, "Humaira, ki ce wa Ɗanmalam…" sai ta yi hamma, maganar ba ta ƙarasa ba. Barci ya ɗauke ta, matar da tun muka zo ƙasar nan ba ta taɓa runtsawa a mota ba. Kanta ya yi ta gangarowa kaɗan-kaɗan, har ya sauka a kafaɗar Yaya ta dama.

Na ga ya daskare. Ban san rabon da jikinta ya taɓa nasa ba, wataƙila tun yaye. Hannunsa yana kan giya, kuma in ya motsa shi kafaɗar za ta motsa. Titi ya buɗe a gabanmu, direbobin bas suka taso mu da hon, wani ya leƙo ta taga yana zagi, yana tambaya ko jar motar ado ce kawai. Yaya bai kula shi ba. Ruwa yana bin kumatunsa, ba shi da hannun gogewa.

A giya ta biyu ya kawo mu har ƙofar gida.