Bakin Injin Yaya Gwadabe

Ni na jawo wa gidanmu wannan rigima, domin a lorina aka ɗauko injin. Shekarar da ake ta maganar mulkin kai ce, ina jigilar gyaɗa daga Rano zuwa Kano. Na gan shi yashe a bayan wani tsohon gareji, tsatsa ta cinye shi, na ce a raina wannan ai sai Yaya Gwadabe. Injin huda ƙarfe ne, irin wanda ake juyawa da hannu. Mu maƙera ne tun kakanni, ni kaɗai na gudu na kama sitiyari, amma Yaya ko tsohuwar ƙusa ya tsinta sai ya juya ta ya ga yadda aka yi ta.

Rani guda ya yi yana fama da shi. Ya kwance shi gaɓa-gaɓa, ya jiƙa da kananzir, ya goge da yashi, ya ƙera masa sabon mariƙi, har ya zama kana taɓa shi yana juyawa sumul. Abu ɗaya ya rage, wato bakinsa, wannan dunƙulen mai haƙora uku da ke damƙe ƙusar huda. Na asalin ya tsage gida biyu, ba ya gyaruwa.

Babanmu, Malam Baballe, tun ranar farko ya ƙi jinin abin. Ya ce shi da wuta da mahudi da masaba ya huda garemanin ƙauyukan Zurgu da Madachi duka, bai taɓa neman taimakon ƙarfen Nasara ba. Ya yanke hukunci: in ruwan farko ya sauka injin bai huda komai ba, za a farfasa shi, abin da ya ƙeru a yi fartanya, sauran a watsar. Baba kuwa ba ya magana biyu. Na ji haushinsa sosai, na ɗauka taurin kan tsufa ne kawai.

Yaya ya ɗaura zare a jikin sandar da bakin ke shiga, ya ƙulla, ya ce in kai Kano a ba ni daidai wannan. Haliru mai tsofaffin ƙarafa a Sabon Gari ya dubi zaren ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya tambaye ni a ina aka ɗaura shi, sama ko ƙasa? Ashe sandar ba kaurinta ɗaya ba, tsukakkiya ce kamar saiwar rogo, kuma kowane kamfani da irin tsukewar tasa. Sai ya ba ni bakin inji guda biyu, ya ce mu gwada, in maido wanda bai yi ba. Ɗaya sabo fil yana ƙyalli, ɗayan tsoho ne baƙi ƙirin, da ɗan makullinsa ɗaure da waya.

Ranar da na iso hadari ya fara haɗowa ta gabas, wajen Kibiya. Yaya ya wawuri sabon, ya zura, ya shige har wuya. Murna ta kama mu. Da aka juya kuwa, sai ƙusar ta kama rawa tana zana da'ira a iska. Aka zura tsohon, shi kuma ya tafi ya tafi ya cije, saura kamar faɗin yatsa. To, wanne ke nan? Wanda ya shige yana rawa, ko wanda ya ƙi ƙarasawa?

Jinin maƙera ya motsa wa Yaya. A wurinmu in ruwan fartanya ya ƙi shiga ƙota, wuta ake sa shi ya yi ja a danna. Ya kama tsohon bakin da awartaki, ya ce in ja masa zuga-zugi. Wallahi har na durƙusa.

"Ajiye shi," in ji Baba daga kan buzunsa. Duk tsawon ranin nan bai ko ɗaga ido ya dubi injin ba. "In ka gasa shi haƙoran za su yi laushi. Me zai ciza da su?"

Ya taso a hankali, ya lakaci baƙin hayaƙi a bangon maƙera, ya cuɗa da ɗigon man gyaɗa, ya shafe sandar. Haka yake yi in yana haɗa bututun bindigar maharba da mazauninsa. Ya ce wa Yaya ya zura sabon, ya murɗa kaɗan, ya zare. Muka kai ido duka mu uku, kai da kai. Baƙin yana nan, sai wani siririn zobe can sama da ya goge. Aka sake shafawa aka gwada tsohon. Wannan karon sandar ta fito fes daga sama har ƙasa.

Baba ya daɗe yana kallonta, yana jujjuya kai. Ya ce sabon a wuri ɗaya ya taɓa ta, tsohon kuwa ya rungume ta duka, ratar da ta rage ma da gangan aka bar ta don ya sami wurin ƙara cizawa. Sai tambayoyi suka ɓarke masa: yaya aka yi haƙora uku suke tafiya tare? Wa ya fafe cikin nan haka santsi? Ya karɓi ɗan makullin yana buɗe haƙoran yana rufewa, ya manta da mu sam.

Yaya ya ɗora guntun itace ya buga sau ɗaya, tsohon bakin ya zauna daram. Yana neman abin gwaji, sai Baba ya ɗaga buzunsa ya zaro wani ruwan garmar shanu. Na san garmar, ta wani manomi ce a Unguwar Gai da ke ta zarya tun bara, Baba yana ce masa ƙarfen ne ba kyau. Jikinta duk tabon mahudi ne, kowanne ya kauce wa alamar da aka yi. Da ya miƙo ta, a nan na lura da hannunsa. Karkarwa yake yi, har garmar tana ƙwanƙwasar teburin injin. Kunya da tausayi suka rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Yaya ya juya mariƙi. Ƙusar ta sauka tsaye cak, ƙarfe yana fita a nannaɗe, har ta ɓulla ta ƙasa. Baba ya ɗaga garmar ya leƙa hudar, ya shafa gefenta da babban yatsa. Yayyafi ya fara buga rufin kwanon rumfar.

"Damina biyu ke nan ban yi huda madaidaiciya ba," ya ce, bai dube mu ba. "Gwadabe, riƙe mini ƙarfen. Juyawa dai ai zan iya."