Kajin Adzuana

Zakaran da maigidana Tyover ya dawo da shi daga gidan makoki shi ya janyo mana. Kyautar suruki ce, ba a mayarwa. Tun a bakin ƙofa na ji yana minshari kamar tsoho, na ce a yanka shi a ci da sakwara. Tyover ya ce a bari ya huta, gajiyar hanya ce.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo kajina sun fara buɗe baki suna neman iska, majina na zuba, wuya na murɗewa. Na jiƙa musu barkono da ɓawon maɗaci, a banza. Da safe in kwashe gawa, da yamma in kwashe, har akurki ya zama wayam.

Ba asarar nama ta sa ni kuka ba. Kajin nan marasa gashi a wuya jikokin kazar da mahaifiyata Adzuana ta ɗora mini a kwando ranar da aka kai ni gidan miji ne. Ta rasu ba ta bar gona ko zane ba. Su kaɗai nake kallo in tuna da ita.

Ana cikin haka sai ga Mbakaan, yayar Tyover, daga ƙauyensu na tsallaken kogi. Shekarun baya na ba ta budurwar kaza daga cikin kajin nan kiwo, kamar yadda muke yi, in ta ƙyanƙyashe a raba 'ya'yan. Ko gashin ɗan tsako ban gani ba, na kuwa daɗe da yanke cewa ta sha romo.

"Yaya, jaje kika zo hannu rabbana?" na ce mata.

"So kike in kawo kaza gidan da iska ke kashe kaji? Amarya, bakinki ya fi hankalinki sauri. Ƙona akurkin nan, ki wanke ƙafafunki, ki biyo ni."

Na bi ta ina ƙunƙuni har cikin kwalekwale.

Muna shiga ƙauyen na ga wata kaza a gindin lemo, wuya tsirara, 'ya'ya na biye da ita. Na ga wata a bayan rumbun doya, ga wasu a ƙofar coci suna tono.

"Rabonki ban ci ba," in ji Mbakaan. "Na san halin ƙanena da baƙi, da na kawo miki da tuni sun shiga tukunya. Sai na yi ta ba mata kiwo, gida gida. Kowacce ta san rabi naki ne. Idan ciwon ya bar gidanki, zo da kwando babba."

Kunya ta kama ni, godiya ta fi ta yawa. Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta, ta ce in tashi kada in ɓata mata zane.

Wata mata ta leƙo daga madafa tana korar kaji daga shanyar riɗinta.

"Kajin Adzuanan nan ba su jin magana," ta ce.

Mahaifiyata ba ta taɓa taka ƙauyen nan ba. Na roƙi matar ta sake faɗin sunan.