Taki a Bakin Masara

Masarar Inna ce fa, ba ta kasuwa ba. Ja ce, ganyenta da farin zane. Da Inna ta rasu, ɗan abin da ya rage a ƙwarya na shuka kaf a bayan gidana na unguwar Minanata, ban rage ko ƙwaya ba.

Maƙwabcina Malam Markus, mai koyar da noma a sakandare, shi ya taɓa tsaga mani kara guda ya aza madubinsa mai ƙara girman abu. Can cikin zuciyar karan akwai ɗan tsiro, bai kai ƙwayar riɗi ba. Ya ce a nan ake ƙera kowane ganye, kuma abin da iri ya gada ne ke faɗa wa kowanne lokacin fitarsa da zanensa. In wurin nan ya mutu, shi ke nan.

Shekarar da soja suka ce kowa ya yi noma, takin zamani ya cika Sakkwato. Ƙanena Dodo, ɗan kwangilar jiya-jiya, wanda ko kuka bai iya bambanta ta da rimi, ya sauke mani buhun takin ina gidan suna. Ya taɓa ganin Inna tana zuba toka a kan masara, cikin naɗin ganye, don kashe tsutsa. Sai gwanin ya bi kara-kara yana ɗura musu taki ta nan, cike da hannu.

Kwana kaɗan kawunan suka ƙone, suna wari. Raina ya ɓaci. Na aika aka kira shi.

"Dodo, wa ya aike ka?"

"Yaya Uwani, abinci ai ta baki aka ci. Don mi za ki zuba ma ƙasa? Bari ki gani, tohowa za ta yi, kamar gero."

Gero! Kan nan nasa hula kawai yake ɗauka.

Malam Markus ya shigo da reza, ya tsaga kara ɗaya, ya tsaga wani. Zuciyar ta yi baƙi, ta narke. Ya bi layin har bango, sannan ya ninke rezar ya sa aljihu.

Dodo ya kaɗa makullin motarsa. "To mi na abin hushi? Gobe in kawo miki irin gwamnati, buhu guda."

Na ce, "Inna ta bar mana abu ɗaya da ke haihuwa, kai ka kashe shi da alheri. Ɗauki buhunka."

Ya ɗauka. Ni kuwa na durƙusa ina tone gindin karan da yatsa, ko zan samu wata ƙwaya da ta ƙi tsirowa.